Gurasa Dubu ga Balarabe

A unguwar Sih, cikin Madina, babu wanda bai san Balarabe mai gyaran risho ba. Kakansa ne ya taso daga Kano a ƙasa, ya sauke farali ya zauna, shi kuwa a nan aka yanke masa cibiya. Shagonsa na unguwar Anbariyya bai fi shimfiɗar tabarma ɗaya ba, amma bakinsa ya fi Anbariyyar faɗi. In ka kai masa risho yana hayaƙi, zai dawo maka da shi yana hayaƙi yana kuma yoyo, sannan ya ɗora maka labarin yadda ya taɓa tayar da injin jirgin ƙasan Turkawa da ke tsohuwar tasha, injin da rabonsa da motsi tun kafin a yaye Balaraben.

A shekarar 1978 yanar ido ta rufe masa idon hagu. Surukinsa ya kai shi Alƙahira aka yi masa aiki, ido ya buɗe. Ana gobe za su dawo, don a kashe lokaci, aka kai shi gidan tarihi. Da ma an bar shi a masauki, da unguwar Sih ta huta.

Washegarin dawowarsa, bayan la'asar, ya shigo shagon gahawar wani Bayamane inda dattawan unguwa ke shan shayi, da baƙin tabarau da sanda, yana tafiya kamar wanda aka ba riƙon Misra. Ɗan'inna tela, abokinsa tun suna makarantar allo, siriri mai baki kamar almakashinsa, ya matsa masa a benci.

"Marhaba da ɗan Misra. To me ka gano da sabon ido?"

"Duwatsu," in ji Balarabe.

"Duwatsu? Ka bar Uhudu a bayan gidanka, ka hau jirgi kallon dutse?"

"Ya shehu, jahilci ya fi hauka wuyar magani. Ba irin duwatsunku ba. Alluna ne na dutse, wani ya kai ƙirjina, samansu a zagaye, an jera su ɗaki bayan ɗaki. A kowane an sassaƙa mutum zaune a kujera mai ƙafar zaki, yana shinshina fure. Gabansa tebur, an tula gurasa, an ɗora cinyar sa, ga agwagwa, ga albasa. An shafe su da launi, ja da rawaya da shuɗi, wallahil azim kamar jiya mai fenti ya wanke hannu. Shekara dubu uku! A sama kuma ga rubutu, tsuntsaye da macizai da idanu."

"Ka karanta?"

"Tsaf. Ai ba wuya. In ka ga mujiya, maganar dare ake yi. In ka ga agwagwa, maganar miya."

Bayamane ya ƙware da dariya har ya zubar da shayi. Balarabe bai kula shi ba.

"Dalilin, wato ɗan jagoran da ya zaga da mu, ya tabbatar da karatuna. Ka san abin da aka rubuta? 'Ya ku rayayyu masu wucewa, ku tsaya, ku ce gurasa dubu, nama dubu, tsuntsu dubu ga wane ɗan wane.' Ka ji manya! Ba roƙo, ba bara. Ka kafa dutsenka, gari ya ciyar da kai, sunanka kuma ya zauna har Turawa su zo suna cire maka hula. Kai Ɗan'inna, wa ya san sunan kakan kakanka?"

"Allah ya sani."

"To ni bayan Allah, ina so mutane ma su sani. Zan yi nawa."

Gaskiyar magana, dalilin nan ya yi bayanin da ya fi haka tsawo. Sai dai a daidai lokacin Balarabe ya juya yana koya wa wani Bajamushe yadda ake riƙe kyamara.

Da safe ya nemo Maigandi, wani mutumin Maraɗi mai ɗaukar kaya a farar wanet, wato a-kori-kura, suka nufi baƙaƙen duwatsun bayan gari. Balarabe ya zaga, ya ƙwanƙwasa wannan, ya kara kunne a wancan, ya zaɓi wanda ya fi kowane girma.

"Alhaji," in ji Maigandi, "wanga dutse ko jaki ya gan shi sai ya yi salati."

"Ɗauki kawai. Na ga yadda Fir'auna ke ɗaga nasa, da dabara ake yi."

Dabarar ita ce Maigandi da wasu lebura su ɗauka, Balarabe ya tsaya gefe yana cewa "Yalla!" Sun iso lungu lafiya. Wajen saukewa ne Balarabe ya ce a saki igiya, shi ya riƙe. Aka saki. Dutse ya gangaro, ya murƙushe dakalin ƙofar gida, ya wuce ya fasa randar da Safiyyatu maƙwabciya ke ajiyewa masu wucewa su sha, ya tsaya a tsakiyar hanya. Safiyyatu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da akuyoyi da harshe, ta leƙo.

"Esh hada, mene ne wannan, Abu Fatna? Abraha ne ya dawo?"

"Tarihi ne, Hajiya. Wata rana za ki ce a ƙofarki aka fara."

"A randata aka fara. Sai ka saya min wata."

Ya kama aiki nan a tsakiyar hanya, da kurfi da guduma. Dukan farko, kurfi ya lanƙwashe. Ya aro na wani magini, ya karye. Wani ɓarɓashi ya tashi ya fasa gilashin tagar Safiyyatu. Da ya ƙufula ya ɗaga guduma da hannu biyu, sai ta sauka a babban yatsansa, yatsa ya kumbura ya yi sul kamar dabinon ambara. Dutse kuwa ko ƙwarzane bai yi ba.

Ɗan'inna ya tsaya a kansa da hannu a baya. "Ma sha Allah. Na ga kamannin sun fara fitowa. Baƙi, ƙato, ba ya jin magana."

"Dutsen Madina ne bai waye ba," in ji Balarabe, yana hura yatsa. "Na Misra fari ne, mai ladabi."

Farin dutse mai ladabi guda ɗaya ne a duk unguwar, yana kuma cikin gidan Balarabe. Matarsa Ƙaltume alawa take yi, ta madara da ta riɗi, wadda alhazai ke rububi. A kan wani faffaɗan farin rukam take zuba ta da zafi, ta baje, ta yanka. Rukam ɗin gadon mahaifiyarta ne. Shekara talatin tana goge shi da man zaitun har mutum na ganin fuskarsa a ciki, kuma ko 'yarta Fatna ba ta isa ta ɗora masa kofi ba. Kowa ya san tukunyar gidan nan alawar ce ke ɗora ta, ba risho ba.

Sai aka yi sa'a, ko rashinta, Fatna ta haihu a Yanbu. Ƙaltume ta ɗaure kayanta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Abu Fatna, ga miya nan na yi maka mai yawa. Kafin in dawo ka kwashe min wannan baƙin bala'in daga hanya, ka kuma sauke wannan haukan duwatsun."

"Kafin ki dawo, Ummu Fatna, sunanki ya shiga tarihi."

"Ni dai kada ya shiga bakin mutane."

Motar da ta ɗauke ta ba ta gama fita lungu ba, Balarabe ya jawo rukam zuwa tsakar gida ya kulle ƙofa. Ya dubi gefen da ke da kaushi, ya dubi gefen da ke sheƙi, ya ce babban mutum ba a sa shi a bayan dutse.

Rukam ya yi ladabi, har ya yi yawa. Da ya zo fitar da hanci, hanci ya ɓalle. Ya ce ba komai, ya ƙara tura fuska ciki don ya fitar da wani. Shi ma ya ɓalle. Ya yi ta bin hanci fuska tana tsawo, kunne kuwa da ya riga ya sassaƙa yana nan tsaye a sama. Da ya ja da baya ya duba, sai ya ga wani abu mai dogon baki yana shinshina fure kamar zai cinye shi. Can ya tuna a Misra ma ya ga waɗansu da kan kare, waɗansu da kan shaho, kuma duk manya ne. Hankalinsa ya kwanta.

Ya yi wa kansa ƙirji mai faɗi da tumbi na mutunci. Ya yi tebur, ya tula gurasa, ya jera tsire da albasa, ya ɗora risho a sama don 'yan baya su san sana'a. Sai da ya gama ya tuna bai sa Ƙaltume ba, kuma wuri ya ƙare. Ya samo mata ɗan gurbi a ƙarƙashin kujera, ya sassaƙa ta tsawon ɗan yatsa, tana riƙe da ƙafarsa.

Kullum Ɗan'inna sai ya zo ya tsaya a bayan ƙofa yana jin ƙarar guduma.

"Buɗe in gani mana!"

"Ba a nuna wa gari rabin aiki."

"Balarabe, ka ji tsoron Allah. Surar mai rai, a Madina? Mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da sura. Malamai sun ce sai in an raba kai da jiki."

"Shi ke nan matsalar?"

"Ƙarama ce, jaki?"

"Kalas, an gama."

Ya tsoma buroshi a ragowar jan fentin mota da ya shafe jikin surar da shi, ya ja layi mai kauri a wuyanta, daga wannan gefe zuwa wancan. Fentin ya yi ruwa. Ya tsiyayo, ya gangaro ƙirji, ya bi tumbi. Balarabe ya ce ya ma ƙara kyau. A sama ya jera tsuntsaye sahu biyu, masu kama da kajin da ruwa ya daka. A ƙasa, don jahilai su amfana, ya rubuta da Larabci manya-manya: Ya ku rayayyu masu wucewa, ku tsaya, ku ce gurasa dubu, nama dubu ga Balarabe ɗan Usmanu.

Ranar Alhamis da sassafe Maigandi ya zo, suka fito da allon suka jingina shi a bangon ƙofar gida, suka tokare da bulo. Balarabe ya lulluɓe shi da zanen Ƙaltume. Shirinsa shi ne bayan la'asar, lokacin da lungu ke cika, ya fito cikin shigar mutumin da ke jikin dutsen, ya yaye zane da hannunsa. Bai gaya wa kowa ba, don yana son ya ga yadda bakuna za su buɗe. Maigandi ya wuce Jidda da kaya. Balarabe ya koma ciki ya sa sakata. Kunnuwansa na ta ƙugi saboda guduma, sai ya cusa musu auduga. Ya ɗauko ƙwayar barcin da likitan Alƙahira ya ba shi. Likita ya ce ɗaya, amma likita bai san da wa yake magana ba. Ya watsa uku, ya hau bene ya miƙe.

Da hantsi akuyar Safiyyatu ta zo wucewa, ta ga zane mai furanni, ta kama baki ta ja. Safiyyatu ta biyo ta da tsintsiya. Ta ɗaga kai ta ga jan mutum mai dogon baki, an yanke masa wuya, jini har tumbi. Ta kurma ihu.

Nan da nan lungu ya cika. Ana cikin hayaniya sai ga Malam Abdussamad, malamin makarantar unguwa, wanda ya yi karatu shekaru a Alƙahira. Aka buɗe masa hanya. Ya gyara tabarau, ya karanta rubutun, ya dubi surar, ya sake karantawa.

"Inna lillahi. Yaushe ya rasu?"

"Wa?" in ji jama'a.

"Mai sunan nan. Irin wannan allo mutanen Misra na da ba sa yi wa mai rai. Na kabari ne. Mamaci ne ke kiran masu rai su tuna da shi, su yi masa sadakar abinci. Ba ku ga 'ya ku rayayyu' ba? Wa ke kiran mutane rayayyu in ba wanda ya bar cikinsu ba?"

Ɗan'inna ya iso da tef ɗin awo a wuya. Da ya ji, sai ya dafa bango.

"Shi ya sa! Shi ya sa yake ta gaggawa, ya kulle ƙofa, ya ƙi bari in gani. Likitan Misra ya gaya masa kwanansa ya ƙare, ya ɓoye mana!"

Suka dinga dukan ƙofa kamar za su karya. Shiru. Suka kira sunansa har muryoyi suka dushe. Shiru. Sai Ashafa, wani mai tura keken tsofaffi a bakin Harami, wanda ba a taɓa yin wani abu a Madina ba ya nan ba, ya kutso gaba.

"Ku bar wahalar da ƙofa. Yau da asuba an sallaci gawa a Harami, namiji, mai jiki. Har na kama makara zuwa makabartar Baƙi'a. Nauyi kamar buhun siminti. Na ce a raina, wannan bawan Allah ya ci abinci."

"Shi ne!" in ji Safiyyatu. "Wallahi shi ne!"

Wani ya tambaya wa ya kai shi, wani ya ce asibiti, wani ya ce shi ma ya ji kamar ƙarar mota da sassafe. Kafin azahar magana ta zauna daram. Ɗan'inna ya zauna a kan baƙin dutsen da ke tsakiyar hanya yana kuka da hawaye na gaske.

"Shekara hamsin muna tare. Kalmar ƙarshe da na gaya masa, jaki."

Malam Abdussamad ya saci kallon allon, ya buɗe baki, ya fasa.

Aka buga talifon Yanbu daga kantin bakin titi. Aka kawo kujeru aka jera sahu biyu a lungu, aka ɗora gahawa. Mata suka ɗora tukwanen shinkafa da hummus, abincin makoki, don mutanen Sih ba sa barin nasu ya tafi a wulaƙance ko da ya ɓata musu risho. Mutane suka zo har daga unguwar Khalidiyya. Da aka zauna, aka shiga neman alherin da za a faɗa.

"Allah ya jiƙansa," in ji Bayamane. "Mutum ne mai... mai murya."

"Bai taɓa gyara min risho ya fashe a ranar ba," in ji wani. "Sai washegari."

"Randata kuwa na yafe," in ji Safiyyatu daga bayan labule. "Gilashin ne dai zan yi tunani."

Bayan la'asar Balarabe ya farka. Ya miƙe, ya leƙa ta ramukan tagar katako. Ya ga kujeru. Ya ga jama'a maƙil. Ya ga manyan faranti ana shigowa da su lungu a ka, shinkafa tana tururi, nama a sama, gurasa tuli-tuli.

"Allahu akbar! Tun kafin in yaye zane ma! Ashe rubutun nan haka yake da kaifi?"

Ya shiga shiri. Ya tuɓe riga, ya ɗaura farin yadi a ƙugu. Ya yafa farin tawul a ka, ya sauko da gefunansa kafaɗa. Ya rambaɗa kwallin Ƙaltume har gefen kunne. Ƙurar rukam da ya kwana biyu bai wanke ba ta mai da shi fari fat. Audugar kunne kuwa ya manta da ita, tana leƙowa. Ya tsinko reshen ɗoɗɗoya ya kara a hanci. Ya zare sakata, ya fito a karkace, ƙirji na kallon jama'a, ƙafafu na kallon gabas, kamar yadda ya gani a Misra. Ya ɗaga hannu ya buɗe murya.

"Ya ku rayayyu!"

Mai zuba gahawa ne ya fara sakin buta. Daga nan lungu ya yamutse. Kujeru suka kife, faranti suka tashi sama, shinkafa ta yi ruwa a kan rawuna. Malam Abdussamad ya fara Ayatul Kursiyyu daga tsakiya, ya bar takalmi ɗaya. Ashafa, wanda ya kama makara da hannunsa, ya haye baƙin dutse, ya ga bai isa ba, ya haye bango. Safiyyatu ta shige ɗakin akuyoyi ta ja ƙofa. Ɗan'inna kaɗai ya rage, ba don jarumta ba, ƙafafu ne suka ƙi.

"Ba... Balarabe," ya ce, "na yafe maka duniya da lahira. Ka koma."

Balarabe ya ga baki na motsi, ya tsinci kalma ɗaya. "In koma ina? Yanzu na fito! Yunwa nake ji."

"Ba su ba ka komai ba a can?"

"Na'am?"

"Na ce yaya can ɗin?"

"Can? Zafi! Wallahi zafi kamar tanda, ko iska babu. Duk jikina ya jiƙe."

"La ilaha illallahu!" Ɗan'inna ya ɗora hannu a ka. "Na gaya maka ka bar surar nan!"

"Kai ma gobe ka zo ka kwanta ka ji. Akwai wuri kusa da ni."

Ɗan'inna ya zube zaune. Balarabe ya sunkuya ya ɗauki cinyar rago daga farantin da ya tsira, ya kai baki. Ɗan'inna ya zuba masa ido yana tauna, yana haɗiya, yana lasar yatsa. A hankali tsoro ya fara sauka daga fuskarsa, wani abu daban yana hawa. Ya tashi, ya matso, ya fizge audugar kunnen, ya kama kumburarren yatsan nan ya matsa.

"Wayyo! Za ka kashe ni?"

"Yanzu kuwa! Na yi maka kuka, la'ananne! A gaban mutane na yi maka kuka!"

Jin ihun, mutane suka fara leƙowa daga lunguna. Malam Abdussamad ya dawo yana ɗingishi da takalmi ɗaya, ya tsaya nesa kaɗan, ya yi wa Balarabe bayanin abin da ya kafa a ƙofar gidansa. Balarabe ya dubi kujeru, ya dubi shinkafa da hummus, ya dubi farin yadin da ke jikinsa. Ya haɗiye naman da ƙyar.

"Na sani mana," ya ce. "Ni da na karanta a asalinsa? Gwada ku nake, in ga masu ƙaunata."

Ba a kai ga ba shi amsa ba sai ga tasi ta tsaya a bakin lungu. Ƙaltume ta fito, idanu sun kumbura, mayafi na jan ƙasa, tana kiran "Abu Fatna, ka tafi ka bar ni da wa?" Mata suka tare ta suna son yi mata bayani, ta ture su. Ta ɗaga kai ta ga mijinta tsaye, fari fat, da kwallinta a ido da cinyar rago a hannu.

Ba ta gudu ba. Shekara talatin ta isa mace ta san gawa ba ta cin abinci haka. Ta saki ajiyar zuciya, ta yi taku biyu wajensa, har hannunta ya ɗaga kamar za ta taɓa shi. Sai idonta ya sauka a kan abin da ke jingine a bango.

Ta nuna shi da yatsa.

"Wannan rukam ɗina ne?"

"Ummu Fatna, ki tsaya ki ji. Alawa ana ci ta ƙare. Tarihi kuwa..."

"Rukam ɗin innata?"

"Ai na sa ki a ciki."

Ta matsa. Ta duba sama, ta duba tsakiya. "Ina?"

Ya nuna da ƙashin rago. Ta sunkuya, ta ƙanƙance ido, ta daɗe.

"Wannan ƙadangaren da ke ƙarƙashin kujera?"

"Haka ake yi a Misra. Girmamawa ce."

"Risho ya fi ni girma, Abu Fatna. Albasa ta fi ni girma. Ni da ke ciyar da gidan nan ina ƙarƙashin kujera, jaki yana sama yana cin fure?"

"Ba jaki ba ne, ni ne."

"Ai ban ce ba kai ba ne."

Ta sunkuya ta cire takalmi. Balarabe ya ja da baya, ya ƙara ja, diddigensa ya ture bulon da ke tokare. Allon ya yi ɗan tunani, ya sunkuyo, ya faɗi rub da ciki a kan fasasshen dakali. Ƙarar ta kai Anbariyya. Da ƙura ta lafa, ba abin da ya rage sai farfasassun fararen duwatsu a warwatse cikin shinkafa.

Ƙaltume ta tsaya tana kallon gadon mahaifiyarta. Ba ta yi kuka ba, ta riga ta ƙarar da hawayen a hanyar Yanbu. Ta mai da takalminta, ta gyara mayafi, ta juya ga jama'a.

"Na gode muku da ta'aziyya, Allah ya bar zumunci. Ni dai an buga min talifon an ce mijina ya rasu, kuma tun a mota na ɗaura niyyar takaba. Abin da na fara ba na bari. Mai takaba kuwa ba ta magana da namiji, ba ta dafa masa, ba ya shigar mata gida."

Ta shige, ta ja ƙofa. Aka ji sakata ta faɗa.

Balarabe ya juya ga Malam Abdussamad. "Ustaz, ka gaya mata hukunci mana! Ana takabar mai rai?"

"Sai an kawo shaidu biyu cewa kana da rai," in ji Malam, yana neman takalminsa. "Ashafa kuwa ya ce shi ya binne ka."

"Da hannuna," in ji Ashafa daga kan bango.

Tun da abinci ba a zubar da shi, aka tayar da kujeru, aka tattara farantan da suka tsira, aka zauna. Masu tafiya kuma suka yi layi kamar yadda aka saba, kowa ya zo ya kama hannun Balarabe ya ce, "Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta." Shi kuwa yana zaune a ƙarƙashin tagar gidansa, kwalli ya zubo masa har kumatu. Ɗan'inna ya jawo kujera kusa da shi, ya zuba masa gahawa.

Balarabe ya kurɓa. Ya bi lungun da ido, daga wannan baki zuwa wancan, ya ga har yanzu a cike yake. Ƙirjinsa ya fara tasowa. Ya karkato ya rage murya.

"Amma dai ka ga taro, Ɗan'inna. Tsakani da Allah, ko Fir'auna bai samu irin wannan ba."

Ɗan'inna ya ji tagar sama ta buɗe. Ya ɗaga kai, ya ɗauki kofinsa, ya ja kujerarsa gefe.

"Shi ma a ruwa ya ƙare," ya ce.

Ƙaltume ta juye bahon wanke-wanke gaba ɗaya a kan Balarabe.